Gubar dalma, takin juji da lambunmu: abin da Zamfara ta koya mana tun 2010

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba. Ku yi haƙuri, yau akwai ɗan tsawo.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani lambu da na wuce kwanakin baya a nan yankinmu na Musawa. Alayyafo ne da salak, sun yi kore shar, gwanin sha'awa. Mai lambun ya ce min bana bai sayi takin zamani ba saboda tsada, juji ya kwaso a amalanke ya zuba. Na duƙa na duba takin. Akwai toka, akwai kashin awaki, akwai leda, sannan ga fasasshen bakin batirin mota ya leƙo daga ciki. Ɗansa ɗan shekara biyu yana zaune gefen kwami yana wasa da ƙasar, hannu a baki. Ganin wannan yaron ya tuno min da Zamfara. Shi ya sa yau za mu bi tarihin gubar dalma, mu ga inda ya haɗu da tarihin taki, sannan mu tambaya ko takin gargajiya zai iya kare ganyen miyarmu.

Shekarar da agwagi suka fara mutuwa

A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka lura agwaginsu na ƙarewa. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Daga baya sai yara ƙanana suka fara amai, ciwon ciki, farfaɗiya, wasu su suma ba su farfaɗo ba. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da lamarin. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, an ba da magani, bai yi aiki ba. Sai da aka auna jinin yaran aka gano dalma ce.

Daga ina? Farashin zinare ya tashi a duniya bayan rikicin kuɗi na 2008, har ya haura dala 1,200 kowane oza a 2010. Manoman da noma bai riƙe su ba suka koma haƙo dutse. Dutsen da ake samu a wasu ramukan yankin yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ana kawo shi cikin gari, a farfasa da guduma, a niƙa a injin irin wanda ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Mata na aikin a cikin gida da goyo a baya. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a tabarma, a kan tuwo, a bakin rijiya. Yaro mai rarrafe kuwa kun san komai ya ɗauka baki yake kaiwa.

Hukumar CDC ta Amurka da ma'aikatan lafiya na Najeriya sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu a tsakiyar 2010. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. A wancan lokacin in ma'aunin dalma a jinin yaro ya kai 10 ana ɗaukarsa abin damuwa, in ya kai 45 sai magani na musamman. Kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka auna sun kai 45 ko sun wuce. Na'urar hannu da ake awon da ita tana tsayawa ne a 65, kuma yara da dama sun zarce abin da take iya karantawa. Ita ma ƙasar an auna ta. Iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga wurin wasan yara ita ce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wuraren na Zamfara an samu fiye da 100,000. Aƙalla yara 400 ne suka rasu, Allah ya jiƙansu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jiki.

Ga wurin da nake so ku riƙe. Akwai maganin da ke janyo dalma daga jini, amma likitocin sun ce ba shi da amfani in za a mayar da yaro gidan da ƙasarsa ke cike da guba. Dole a fara gyara ƙasa. Wani kamfanin injiniyoyin muhalli na Amurka mai suna TerraGraphics, tare da Blacksmith Institute da ma'aikatan jihar da matasan ƙauyukan, suka kankare saman ƙasar gidaje da fartanya, suka zuba a buhuna, suka binne a rami na musamman, suka kawo ƙasa mai tsabta suka shimfiɗa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru.

Bagega, wadda ta fi su girma, ita aka bari tana jira da yara kusan 1,500 masu buƙatar magani. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, watanni suka shuɗe kuɗi bai fito ba. A nan matasa suka shigo. Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money, tare da Human Rights Watch da wasu ƙungiyoyi, suka riƙa buga gangar a ceto Bagega a Twitter da Facebook, har aka saki kuɗi a ƙarshen Janairun 2013, aka yi aikin a shekarar. Duk mai cewa surutun soshiyal midiya ba ya tsinana komai, ya je ya karanta labarin Bagega.

Abin bai tsaya a Zamfara ba. A 2015 irin wannan ya faru a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Kafin nan ma, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 sun rasu a wata unguwa ta Thiaroye a gefen birnin Dakar na Senegal. Can babu zinare. Tsofaffin batiran mota ake fasawa ana ciro dalmar ciki ana sayarwa. Wannan na Dakar shi ya fi kama da abin da zai iya samunmu.

Dalma ba baƙuwarmu ba ce

Kwallin gargajiya mai ƙyalli da iyayenmu mata ke ranɓaɗa wa jarirai, da yawansa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce.

Sai fetur. A 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa zuba sinadarin dalma a fetur na hana inji ƙwanƙwasa. An fara sayarwa a 1923. A 1924 ma'aikata biyar suka mutu a wata matatar mai a jihar New Jersey saboda sinadarin, amma ciniki bai tsaya ba. Shekaru masu yawa motocinmu suna fitar da hayaƙin dalma yana sauka a bakin hanya. Ƙasashen Afirka ta kudu da Sahara sun yi yarjejeniya a Dakar a 2001, suka daina amfani da irin wannan fetur zuwa farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

To amma dalma ba ta ruɓewa. Leda ma in ta shekara da yawa tana farfashewa, ita dalma tana nan yadda take. Wadda ta sauka bakin tsohuwar hanya mai yawan motoci tun zamanin kakanninmu, mafi yawanta na nan a saman ƙasa, in dai ba a kwashe ko ruwa ya tafi da ƙasar ba. Yanzu kuma ga batiran mota, na babur, na Keke Napep da na sola sun cika garuruwanmu, kowanne in ya mutu sai 'yan gwangwan su saya, wani a fasa shi a bayan shago.

Yadda juji ya canza

Bahaushe bai jira wani ya koya masa taki ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, da ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya nuna yadda manoma ke noma gona guda kowace shekara ba hutu, albarkacin taki. Jakuna na shiga birni da itace, su fito da mangalar taki da sharar gida. Polly Hill, a littafinta na 1972 kan Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana karkarar da ke kewaye da gari, wadda ake takinta duk shekara. Haka nan kowa a nan ya san al'adar kiran Fulani su sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar kashi, manomi ya ba da hatsi.

A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar tare da na Gusau da na Gombe. Ya kawo takin zamani mai rahusa, ya kawo sabon irin masara, har yankin Funtua da Malumfashi da Bakori ya zama rumbun masara. Mutane da yawa suka rage wahalar tara taki. Da rahusa ta janye, farashi ya yi sama, sai aka waiwayi juji.

Sai dai jujin da aka bari ba shi aka tarar ba. Jujin 1965 toka ce, ƙaiƙayi, kashin tumaki, ragowar abinci. Jujin yau akwai fasassun batira, gwangwanin fenti, baƙin mai, tarkacen waya da rediyo, kuma sau da yawa ana cinna masa wuta, tokar ta tattara abin da bai ƙone ba. A Kano masu bincike sun sha auna ƙasa da ganyen lambunan da ake ban ruwa da kogin Jakara da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, sun kuma samu ƙarafa masu guba a ciki. Sunan taki dai ɗaya ne, abin da ke cikinsa ya bambanta.

Me taki mai kyau ke yi wa dalma?

Wannan tambayar an daɗe ana gwada ta a Amurka, inda tsohon fenti da fetur da ma'adinai suka gurɓata unguwanni masu yawa. A ƙarshen shekarun 1990 masana irin su Rufus Chaney da Sally Brown sun yi gwaji a garin Joplin na jihar Missouri, tsohon garin haƙar dalma. Sun zuba takin da ya ruɓe da sinadarin fosfet a gurɓatacciyar ƙasa, suka ga dalmar da ke iya shiga tsiro ko jikin dabba ta ragu, alhali ba a cire ta daga ƙasar ba. Daga baya masanan Jami'ar Jihar Kansas suka gwada a wani lambun cikin gari da takin ruɓaɓɓen ganye, suka shuka tumatir, karas da wani ganye. Takin ya rage yawan dalma a kowane awon ƙasa da kashi 29 zuwa 52 cikin ɗari, kuma karas ne ya fi ɗaukar ta, tumatir ya fi kuɓuta.

Bari in sauƙaƙa yadda abin yake. Saiwa ruwa take sha, don haka dalmar da ta narke a ruwan ƙasa ita take iya ja. Taki mai kyau yana rage wannan ta hanyoyi huɗu.

Na ɗaya, sirki. In ka zuba taki mai yawa ka cakuɗa, ƙasar da saiwa ke ciki ta zama gauraye, dalmar da ke cikin kowane kwano ta ragu.

Na biyu, kamu. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da suka nuna suka yi baƙi suna riƙe dalma gam, kamar yadda tsumma ke riƙe shuni, sai ta ƙi narkewa.

Na uku, fosfet. Shi ne sinadarin da ke cikin takin supa, akwai shi kuma a kashin kaji da garin ƙashi. In ya haɗu da dalma sukan zama wani irin dutse mai wuyar narkewa, ko a ƙasa ko a cikin ciki.

Na huɗu, tsami. Ƙasa mai tsami tana sakin dalma. In ma'aunin pH ya kai wajen 6.5 zuwa 7, tana riƙe ta. Taki da ya nuna da 'yar tokar itace suna rage tsami. Ku kuma sani yawan zuba yuriya shekara da shekaru ba tare da takin gida ba yana ƙara wa ƙasa tsami.

Akwai ƙari. Ƙasa mai taki tana riƙe laima, ba ta tashi ƙura kamar busasshiya, kuma ruwan ban ruwa ba ya fantsama laka a kan ganye sosai. Wannan ƙarin yana da nauyi, don wani bincike da aka yi a lambunan unguwannin Boston ya ƙiyasta cewa cin kayan lambun kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai na dalmar da ke shiga jikin yaro a rana, yayin da haɗiyar ƙurar ƙasa ta haura kashi 80. A Zamfara ma haka aka gani. Da aka bincika abincin ƙauyukan, an gano mafi yawan dalmar ta shiga hatsi ne bayan girbi, wajen sussuka, shanya, niƙa da girki a gurɓataccen gida. Ke nan yaron da ke zaune gefen kwami ya fi mai sayen alayyafon shiga haɗari.

Inda taki ba ya kaiwa

Kada wani ya ɗauki rabin magana ya tafi. Taki ba ya cire dalma, ɗaure ta yake yi. Shi kansa takin yana ƙarewa, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu, don haka sai an riƙa ƙarawa duk shekara. Ɗanyen taki da bai gama ruɓewa ba yana iya sakin wasu sinadaran da ke taimaka wa ƙarfe narkewa, shi ya sa a bari ya nuna tukuna. In kuma takin daga jujin da ke da batira aka kwaso shi, to guba ka ɗauko da kuɗinka ka kai gona.

Sannan akwai ƙasar da ta wuce gyara da taki. Wurin da aka daɗe ana fasa batir, ko aka taɓa niƙa dutsen zinare, irin na Bagega, ba a shuka abinci a ciki, ba a barin yara su yi wasa a ciki. Maganinsa kwashewa ko rufewa da ƙasa mai tsabta, kuma aikin hukuma ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa. Ƙaramin adadi ba ya sa farfaɗiya, amma yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali, a ga yaro ba ya gane karatu a yi ta dukansa.

Mu a nan, me za mu yi?

Ni ban ce ƙasar Musawa ta gurɓace ba, kada a je a ce na ce. Mafi yawan gonakinmu na daji ba su da wannan matsalar. Wuraren dubawa sanannu ne: lambun da ke kusa da garejin makanikai, bayan shagon masu cajin batir da 'yan gwangwan, tsohon juji da aka mayar fili, bakin babbar hanya, da gidan da wani ya dawo daga haƙar zinare da buhun dutse. Matasanmu da yawa suna zuwa ramukan, hanyar Funtua zuwa Gusau ba nisa gare ta ba. Ɗan'uwa, in ka dawo, ka bar dutsen can, ka yi wanka ka canza kaya da takalmi kafin ka ɗauki ɗanka.

Ga mai lambu, ka yi takinka da hannunka. Haƙa rami ko ka yi tsibi a inuwa, nesa da juji. Ka shimfiɗa yankakken kara da ƙaiƙayi, ka ɗora kashin shanu ko na awaki ko na kaji, ka barbaɗa tokar murhu kaɗan, ka yayyafa ruwa, ka sake jerawa. Ka riƙa juyawa duk bayan sati biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, zafinsa ya sauka, ya riƙa ƙamshin ƙasar damina. A lokacin ka zuba da yawa ka cakuɗa da saman ƙasa. Tokar itace da kara kaɗai za ka sa, ban da tokar bola ko ta katako mai fenti.

In kana shakkar wuri, ka zaɓi abin shuka. Tumatir, tattasai, attaruhu, kuɓewa da yalo ba sa kai dalma sosai cikin 'ya'yansu. Karas da masu yi a cikin ƙasa, da ganye irin alayyafo da salak, su suka fi ɗauka, ga kuma ƙura tana maƙale musu. Waɗannan ka yi su a buhu ko a ɗagaggen kwami da ƙasar da ka ɗebo daga wuri mai tsabta. Ka rufe tsakanin kwamai da ciyawa ko buntu don kashe ƙura.

Ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu masu girki, a wanke ganye sosai a ruwa mai yawa fiye da sau ɗaya, a cire ganyen waje na kabeji da salak, a fere karas. Kada a shanya kuɓewa, tattasai ko kuka a ƙasa ko a bakin kwalta, a sa tabarma a kan abu mai tudu. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Yaron da ke samun wake, kifi, nono da ganye mai tsabta, jikinsa ba ya zuƙar dalma kamar na mai yunwa.

Mu matasa kuma namu aikin tambaya ne. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, muna da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ta Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, duk shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta aikin kammala karatu a kai. Ga shi nan a ƙofar gida: a ɗebi ƙasar lambunan cikin gari da takin jujin da ake sayarwa a auna. Mu tambayi malaman gona na KTARDA ko suna gaya wa manoma bambancin takin rami da takin bola. Mu tambayi kansilolinmu ina ake kai matattun batiran sola, a kuma ware wa masu fasa su wuri nesa da gidaje da rijiyoyi. Mutanen Dareta ba su da wanda ya gaya musu kafin lokaci ya ƙure. Mu an gaya mana, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Shi mai lambun da na fara da labarinsa, na koma mun zauna. Ya tsince ɓaraguzan batirin, ya ce baɗi tumatir zai sa a wannan gefen, ganyen kuma ya koma da shi buhu. Yaron yanzu a gida ake barinsa. Ramin takin ne muke shirin haƙawa bayan girbi, in Allah ya kai mu.

In akwai lambu kusa da gareji ko juji a unguwarku, ku gaya mana a ƙasa, ku kuma tura wa wani manomi da kuka sani, ko ku karanta masa. Allah ya jiƙan yaran Zamfara da na Shikira, ya tsare mana namu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.